A saka wa kowane yaro takardar tambayoyin ACE, ko a dakata?

Sista Rabi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawararku nake nema kafin zaman da za mu yi a sashenmu na yara. An kawo batun a riƙa ba kowace uwa takardar tambayoyin nan goma na ACE, wato munanan abubuwan da yaro ya fuskanta a ƙuruciya, ta cike kafin ta shiga wurin likita. Ga wanda bai san su ba: ana tambaya ko yaron ya sha duka mai tsanani, ko zagi da wulaƙanci, ko an yi lalata da shi, ko an bar shi ba ci ba sutura ba magani, ko ya rasa mai nuna masa ƙauna, ko iyayensa sun rabu, ko ana dukan uwarsa a gabansa, ko akwai ɗan shaye-shaye a gidan, ko mai larurar ƙwaƙwalwa, ko wanda aka ɗaure a kurkuku. Kowace "e" maki ɗaya ce. Ni dai ban ƙi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan uwa ta miƙo mini takarda na ga shida, ga layi har bakin ƙofa, me zan yi mata?

Dr. Kabiru: Wa alaikumus salam Sista. Ni ina cikin masu cewa a yi, kuma bari in faɗi dalilina tun daga tushe.

A 1985 wani likita mai suna Vincent Felitti yana kula da asibitin rage ƙiba na Kaiser Permanente a birnin San Diego na Amurka. Ya lura da yawa daga cikin masu guduwa daga shirin su ne waɗanda ƙibar tasu ta fara zubewa. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya sai ya tarar da yawansu an yi lalata da su suna yara, kuma ba wani likita da ya taɓa tambayarsu. Daga nan ya haɗu da Robert Anda na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka tambayi manya sama da 17,000 tsakanin 1995 da 1997, sakamakon farko ya fito a 1998. Kusan kashi biyu cikin uku suna da aƙalla maki ɗaya. Kusan mutum ɗaya cikin takwas yana da huɗu ko fiye. Masu huɗu zuwa sama, idan aka gwada su da marasa ko ɗaya, haɗarin yunƙurin kashe kai ya ninka kusan sau 12, zama mashayin giya kusan sau 7, ciwon zuciya kusan sau 2.

Ku lura, waɗannan ba talakawa ba ne. Yawancinsu sun yi karatu, suna da inshorar lafiya. To idan haka abin yake a wurinsu, mu da muke ganin yaro yana ta dawowa da ciwon ciki, an yi gwaji duk lafiya lau, muna ta rubuta magani ba mu taɓa cewa "yaya gida?" ba, aikinmu bai cika ba.

Nura Kati: Likita, ni ba likita ba ne, a ɗakin kati nake. Shaye-shaye da baƙin ciki na gane. Amma ta yaya dukan da aka yi wa yaro ɗan shekara biyar zai zama ciwon zuciya yana da hamsin?

Dr. Kabiru: Malam Nura, hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda ka gane: wanda ya tashi cikin ƙunci ya fi saurin kama taba da giya da cin da ya wuce kima don ya samu sauƙi, su kuma su ɓata zuciya da huhu da hanta.

Ta biyu a cikin jikin take. Idan mutum ya tsorata, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, narkar da abinci ta dakata. Duk wannan alheri ne ga wanda kare ya biyo, domin bayan minti kaɗan komai zai koma daidai. Amma yaron da abin tsoronsa yana kwana gida ɗaya da shi, jikinsa kamar mota ce da aka taka wa totur aka bar ƙafa a kai dare da rana. Barci ya lalace, garkuwar jiki ta rikice, kumburin cikin jiki ya zauna, sashen ƙwaƙwalwa mai hango haɗari ya yi kaifi fiye da kima, sashen da ke riƙe hankali da danne fushi kuma ya samu cikas wajen girma. Shi ya sa malamin aji zai ce yaron ba ya zama wuri ɗaya, mu kuma mu gan shi da asma mai yawan tashi ko fitsarin kwance bayan ya daina.

Masana a jami'ar Harvard ƙarƙashin Jack Shonkoff sun kasa damuwar yaro gida uku. Akwai ƙarama mai amfani, irin ta allurar rigakafi ko ranar farko a makaranta. Akwai babba wadda ake iya jurewa, kamar rasuwa ko haɗari, in dai akwai babban da ya rungumi yaron. Sai mai guba: mai tsanani, mai daɗewa, kuma babu babban da ke tare masa. Abin da ya raba ta biyu da ta uku yawanci ba girman musibar ba ne, samuwar wannan babban ne ko rashinsa.

Malam Auwal: Likita, duk abin da ka kawo haka yake, ban ja ko ɗaya ba. Amma bai amsa tambayar Sista ba. Binciken ya nuna abin da ke faruwa ga taron jama'a. Takardar da za a miƙa wa uwa kuwa hukunci za ta yanke a kan yaro ɗaya. Waɗannan abubuwa biyu ne daban.

Kuma ba ni na fara faɗa ba. Shi kansa Robert Anda, a 2020, ya fitar da rubutu tare da abokan aikinsa biyu yana gargaɗin cewa makin ACE ba a gina shi don tantance mutum ɗaya ba, kada a yanke shawarar magani da shi. A 2021 Jessie Baldwin da abokanta suka duba yaran da aka bi rayuwarsu shekara da shekaru a Ingila da New Zealand. Sun tabbatar cewa rukunin masu maki da yawa sun fi rashin lafiya, amma idan aka ɗauki mutum ɗaya aka ce a faɗi ko zai yi ciwo daga makinsa, abin bai fi canki-canki da yawa ba.

Ku dubi lissafin da kanku. Yarinyar da aka yi shekara biyar ana lalata da ita, maki ɗaya. Yaron da uwarsa ta rabu da mijin da ke dukanta, gida ya samu lafiya, shi ma rabuwar maki ɗaya ce. Takardar ba ta tambayi sau nawa ba, ba ta tambayi yana ɗan shekara nawa ba, ba ta tambayi ko akwai kaka da ke jan shi a jiki ba. Sannan talauci, yaƙi, gudun hijira, cin zalin 'yan makaranta, duk babu su cikin goman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa tambayoyin ta saka rikicin unguwa da yaƙi da cin zali, amma ita ma don ƙidayar al'umma ta yi nata.

Dr. Kabiru: To Malam, jihar Kalifoniya fa? Nadine Burke Harris, likitar yara ce da ta yi shekaru a unguwar talakawa a San Francisco, aka naɗa ta babbar likitar jihar a 2019. Daga Janairun 2020 inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi ta fara biyan dala 29 a kan kowace tantancewa. Jiha guda ba za ta zuba kuɗi a abin banza ba.

Malam Auwal: Sun yi, kuma rubutun Anda a cikin wannan shekarar ya fito. Amma ka duba abin da suka haɗa da shi. Sai ma'aikaci ya yi horo kafin a biya shi. Suna da nau'in takardar da uwa za ta rubuta jimilla kawai ba tare da ta nuna wanne ne ya faru ba. Kuma ba maki kaɗai suke dubawa ba, suna haɗawa da alamun da ke jikin yaron da kuma irin gatan da yake da shi. Duk da haka har yau ana gardama a kan ko tantancewar kanta tana gyara lafiyar yara. Abin da nake tsoro shi ne mu kwafo takardar mu bar sauran. Tsohuwar ƙa'idar tantance cuta ce tun 1968, ta Wilson da Jungner: kada ka nemo abin da ba ka da abin yi a kansa idan ka samu.

Baba Iliya: Ni dai na yi ritaya, ina karanta ku ne kawai. Amma yaran nan, ku yi hankali kada ku mayar da tarbiyya cuta. Mu an dake mu, ga mu mun yi aiki mun gama lafiya, mun aurar da 'ya'ya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hauwa'u M.: Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa cewa kun tashi lafiya ba. Amma in tambaye ka, bayan dukan, akwai wanda kake zuwa wurinsa ya share maka hawaye?

Baba Iliya: Yayar mahaifina. Allah ya jiƙanta. Ko laifi na yi, wurinta nake gudu.

Hauwa'u M.: Amin Baba. To ita ce maganar. Wata masaniyar halayyar yara mai suna Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a 1955 har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da rikicin gida ko larurar iyaye. A cikin waɗannan, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa da riƙon gida. Abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne babba aƙalla ɗaya da suka dogara da shi, kaka ko goggo ko malami. Sauran kashi biyun kuma sun sha wuya, kuma irin su ba su cika zuwa su ce "ga mu lafiya" ba, shi ya sa muryar waɗanda suka tsira ce kawai muke ji.

Game da duka kuwa, a 2016 an tattara bincike na yara sama da 160,000, ba a samu cewa duka yana gyara hali ba, sai ma alaƙa da ƙarin faɗa da damuwa. Ban ce duk wanda aka taɓa mara ya lalace ba. Na ce in muna da hanyar da ta fi, aikinmu ne mu nuna wa iyaye ita ba tare da mun kunyata su ba.

Baba Iliya: To 'yata, na ji. Amma ku nuna musu a hankali. Uban da kika ce masa bai iya riƙon ɗansa ba a gaban jama'a, ba zai sake kawo yaron ba.

Hauwa'u M.: Wannan kam gaskiya ne Baba, kuma ya fi rabin abin da ake koyarwa a horon ma'aikata.

Maman Yusra: Ku yi haƙuri, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ƙanwata ce ta saka ni a nan. Amma tunda mu ne za a miƙa wa takardar, bari in faɗi yadda za ta zo mana. Na kawo yaro da zazzaɓi, hankalina a tashe, sai a ba ni takarda ana tambayata ko mijina yana dukana, ko akwai ɗan ƙwaya a gidanmu. Mata na zaune dama da hagu suna leƙe. Wata ma ba ta iya karatu ba, sai an karanta mata da ƙarfi. Wallahi "a'a" zan bi in cike daga sama har ƙasa ko da akwai. Ban san wa zai karanta ba, ban san ko za a kira mijin ba, ban san ko cewa za a yi ni ce na kasa. Sai ku rubuta sifili ku ce gidan lafiya.

Amma da nas za ta gama duba yaron, ta rufe ƙofa, ta ce "Maman wane, ke fa yaya kike, kina samun barci?", wataƙila in yi magana. Wataƙila ba ranar ba, sai zuwa na biyu.

Sista Rabi: Maman Yusra, na gode ƙwarai. Batun sifilin ƙarya ɗin nan ban kawo shi a raina ba sam.

Anti Zainab: Ni ungozoma ce, kuma ina ganin kun fara daga tsakiya. Yaron da kuke son tantancewa yana ɗan shekara shida, mu mun ga uwarsa tun yana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 10 cikin ɗari na masu ciki da kashi 13 na masu jego suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, yawanci ciwon baƙin ciki, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya fi haka. Uwar da ke cikin wannan hali tana son ɗanta, amma jariri zai yi mata gwalan-gwalan ta kasa mayar masa, ya yi kuka ta daɗe ba ta motsa ba. Wannan mayar da martanin, ya yi sauti ki amsa, ya kalle ki ki kalle shi, da shi ƙwaƙwalwar jariri take ginuwa. Idan babban da zai tare wa yaro shi ne maganin, to lafiyar uwar ita ce farkon aikin.

Kuma a nan muna da abin yi, ba tambaya kawai ba. Akwai tambayoyi goma na Edinburgh tun 1987 don gano baƙin cikin bayan haihuwa, an gwada su a harsuna da yawa. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman da abokansa sun koya wa mata ma'aikatan lafiya na unguwa, waɗanda ba likitoci ba, yadda za su zauna da mai ciki su saurare ta su taimaka mata ta sauya tunanin da ke danne ta. Sakamakon ya fito a 2008: wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne ke da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa, kashi 53 a ɗaya rukunin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta mayar da shi littafin horo a 2015.

Don Allah a bar cewa sai an samu likitan ƙwaƙwalwa. In shi za a jira, yawancin asibitoci ba za su taɓa farawa ba.

Malam Auwal: Anti ta tuna mini da na Jamaika. A 1986 zuwa 1987 aka ɗauki yara 129 da suka tsumbure a birnin Kingston. Wasu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da yaron, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka nemo su, waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Babu wanda ya ƙirga musu maki. An dai ƙarfafa hannun uwar.

Dr. Kabiru: Na karɓi batun maki, kada a rubuta wa yaro lamba a goshi. Amma ina tsoron a tashi daga nan da cewa kada a tambaya. Yarinya 'yar shekara tara ta zo da ciwon mara karo na uku, ko yaro da ƙuna a wurin da ba ya ƙonewa da kansa, ko labarin faɗuwar da bai dace da raunin ba, ko jaririn da bai fara rarrafe ba amma ga tabon bugu a jikinsa. A nan shiru laifi ne.

Hauwa'u M.: Babu mai cewa a yi shiru, Likita. Bambancin shi ne tsakanin raba takarda ga kowa da tambaya idan alama ta nuna. Ko a batun dukan mata, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 ba ta goyi bayan a tambayi kowace mace ba, ta ce a tambaya idan abin da ya kawo ta yana iya kasancewa daga nan ne. Kuma ta sa sharuɗɗa: ma'aikacin ya samu horo, akwai wurin da ba mai ji, akwai sirri, akwai inda za a tura ta.

Idan kuma an faɗa miki, matakan farko biyar ne, kowa zai iya: ki saurara ba tare da katsewa ba, ki tambayi abin da take buƙata, ki nuna kin yarda da ita kuma ba laifinta ba ne, ki duba ko akwai haɗari idan ta koma gida yau, ki haɗa ta da taimako. Ga yaro, kada ki sa masa magana a baki. "Faɗa mini abin da ya faru" ya isa. Kada ki ce "wane ne ya taɓa ka, ko?" Ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. Kada a sa shi ya maimaita wa nas, ya maimaita wa likita, ya maimaita wa wani likitan, domin kowace maimaitawa sabon ciwo ce. Kuma kada a taɓa tambayar mace ko yaro a gaban wanda ya rako su, ko da murmushi yake yi.

Sannan akwai abin da za a iya ba kowa ba tare da an tambayi kowa komai ba. A wurin rigakafi a ce: "Iyaye da yawa suna cikin matsi, matsin kuma yana taɓa jikin yara. Barci a kan lokaci, wasa da hira da yaro, da samun wanda za ki faɗa wa damuwarki suna taimakawa. In kina son magana, ƙofar nan a buɗe take." Mai buƙata ta ji, kuma ba a nuna ta da yatsa ba.

Nura Kati: To bari in faɗi namu ɓangaren, tunda ba a cika kiranmu horo ba. Fayil kafin ya isa wurin likita ya bi hannu nawa? Ni, mai kai fayil, mai awon nauyi, wani lokaci ɗalibai. Idan an rubuta "lalata" a shafin farko, sirrin ya tafi. A ware wa irin wannan wuri dabam mai makulli.

Na biyu, mu ne fuskar farko. Uwar da ta makara, aka daka mata tsawa a taga, mai gadi ya ƙara mata, ta riga ta rufe bakinta kafin ta ga Sista. Ba na kare masu tsawa, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce matar nan da ta ɓata alƙawari sau uku wataƙila ba sakaci ba ne, hana ta fita ake yi.

Hauwa'u M.: Malam Nura, ka faɗi abin da SAMHSA, hukumar Amurka mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da matsalar shaye-shaye, ta rubuta a 2014 ba tare da ka karanta ba. Abu huɗu suka ce ma'aikata gaba ɗaya su yi, har mai gadi da mai shara: su san yawan abin, su gane alamunsa, su gyara yadda suke aiki saboda shi, su guji sake jefa mutum cikin abin da ya tsorata shi. Na huɗun nan ya shafe mu kai tsaye. Danne yaro mutum uku don a sa masa allurar ruwa ba tare da an yi masa bayani ba, yi masa barazana da allura don ya yi shiru, cire wa budurwa kaya ba labule ba izini. Yaron da ake dannewa a gida, jikinsa ba ya bambance dannewar mugunta da ta magani.

Sista Rabi: Ga abin da na tattara zan kai zaman, ku gyara mini. A jingine takardar maki tukuna. A fara da horo ga kowa har 'yan kati da masu gadi. A samu ɗaki ɗaya mai ƙofa. A rubuta sunayen wuraren da za mu iya tura mutum, mu kira su mu tabbatar suna aiki, ba mu kwafo daga tsohuwar takarda ba. A haɗa kai da sashen awo kan lafiyar uwa. A fitar da matakai a rubuce na abin da za a yi idan yaro ya faɗi wani abu, da wanda za a kira ko da tsakar dare ne.

Dr. Kabiru: Ki ƙara ranar da za a sake duba batun tantancewar, kada "tukuna" ta zama har abada. Ni har yanzu ina ganin in an shirya, tambaya a tsare ta fi dogaro da idon ma'aikaci, domin ido yana zargin talaka ya tsallake mai sutura.

Malam Auwal: Wannan hujjar taka ta ƙarshe ta fi duk na baya ƙarfi, Likita. Ban da amsarta a yanzu.

Anti Zainab: Ku saka ma'aikatan kansu a lissafi. In kashi biyu cikin uku na manyan da aka tambaya a wancan binciken suna da nasu tarihin, to a cikin masu farin kaya ma akwai. Nas ɗin da aka yi wa abu tana yarinya, yau an ce ta zauna ta saurari irinsa, ta fito ta ci gaba da raba magani kamar ba komai. Wasu tsawar da suke yi daga nan take. A samu zama ko sau ɗaya a wata da za a yi maganar abin da ya yi nauyi, kuma a ba mutum damar ya ce "wannan ba zan iya ba, a ba wani" ba tare da an yi masa gori ba. Kuma don Allah kada a raba wa ma'aikata takardar ACE a wurin horo a ce kowa ya cike ya ɗaga hannu. Ana yin haka, kuma ba daidai ba ne.

Sista Maryam: Na makara, na karanta daga sama. Tambaya ɗaya: budurwa 'yar sha huɗu ta ce za ta faɗa mini abu amma sai na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Me zan ce?

Hauwa'u M.: Kada ki yi alƙawarin da ba za ki iya cikawa ba. Tun kafin ta fara ki ce: "Abin da kika faɗa mini zai tsaya tsakaninmu, sai dai in na ga ke ko wani yana cikin haɗari. In haka ta faru, ke zan fara gaya wa, mu shawarta wanda za a sanar da yadda za a yi." Wasu za su fasa magana a ranar, amma sun san ba ki yaudare su ba, kuma sukan dawo. Dokar kai rahoto ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha, don haka sashenku ya nemi tasa a rubuce kafin ranar ta zo. Kuma ki tambaye ta wane babba ta amince da shi, kada ki ɗauka uwa ce ko uba.

Dr. Kabiru: In kuma abin da ta faɗa fyaɗe ne na kwanan nan, agogo yana tafiya. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28, kuma gara awa ta farko da ta saba'in. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120. A duba rigakafin ciwon hanta nau'in B da maganin cututtukan sanyi. Ba a jiran rahoton 'yan sanda kafin a ba da magani, kuma ba a duba jikinta sai da yardarta, da wanda ta zaɓa ya tsaya kusa. Sista Rabi, ki tambaya a zamanku wa ke riƙe makullin waɗannan magungunan da dare da ranakun hutu.

Sista Maryam: A namu mai kula da ɗakin magani yake tafiya da shi gida. Gobe zan yi wa shugabar sashe magana a ajiye kashin farko a ɗakin gaggawa.